Haƙorin Makka da Tulun Zumunta

Jidda,
Ranar Juma'a da hantsi.

Zuwa ga 'yata Alheri,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kina lafiya, ke da babanki da ƙannenki da duk mutanen gida. Ni ma lafiyata ƙalau, sai dai zafin garin nan da ba ya gajiya. Na gode wa Allah da ya nuna mini wannan lokaci, yarinyar da na goya jiya-jiya ga ta za ta tafi Jos koyon aikin jinya. Allah ya kai ki lafiya, ya tsare ki a hanya, ya haɗa ki da abokan zama nagari.

Na san za ki ce me ya hana Mama ta kira ni a waya kamar kullum. Na gwada sau uku. Duk lokacin da kika ɗauka sai in ji kaina ina tambayarki ko kin sayi bokiti da gidan sauro. Akwai maganar da bakina ya ƙi faɗa, shi ya sa na ɗauki biro. Maganar ta shafi Maman Godiya da tulun kiɗa na zumuntar mata a cocinmu. Babanki ya gaya mini Godiya ma ta samu makarantarku, kuma kin ce gara ki tafi Jos a ƙafa da ki shiga mota ɗaya da 'yar Fasa-tulu. Tun kina 'yar shekara bakwai ba kya yi wa yarinyar nan magana, kuma saboda ni ne. To ki nemi wuri ki zauna, ki karanta har ƙarshe. Ina tsoron idan kin gama ba za ki ƙara kallona kamar da ba. Amma na fi tsoron ki tafi da wannan gaba a cikin akwatinki.

Bari in fara daga nesa, domin ba ni da ƙarfin zuciyar farawa daga kusa.

Kin san ranar Jibin Ubangiji, kafin a raba gurasa, fasto yakan ce kowa ya sunkuyar da kai ya binciki zuciyarsa. Shekara da shekaru babu wadda ta kai ni sunkuyar da kai a gefen mata. Sai dai ba zuciyata nake bincika ba. Ina rufe ido sai in fara daga bencin gaba. Wance ta zo da ɗaurin ɗankwali kamar ita ce amarya. Wance ta yi gyangyaɗi a wa'azi har ta ce amin inda ba a yi addu'a ba. Wance ta matse hannunta a kan kwanon baiko don kada a ga abin da ta sa, ni kuwa na ji ƙararsa. Kafin in kai benci na huɗu an ce a ɗaga kai. Sai in miƙa hannu in karɓi gurasa da zuciya wasai. Na bincike ikilisiya kaf, saura mutum ɗaya, wadda ke zaune cikin zanena.

Saboda haka, 'yata, idan kin sunkuyar da kai don binciken zuciya, kika ji sunan wani ya faɗo miki, to kin shiga gidan maƙwabta. Ki dawo. Sunan da ake nema a lokacin nan guda ɗaya ne, kuma ke kike amsa shi.

Ban gane haka ba sai da aikin asibiti ya kawo ni ƙasar nan, shekara shida ke nan. Nan babu coci, babu anko, babu taron zumunta. Ranar Juma'a ce hutuna, ita na mayar ranar sujada, ni kaɗai a ɗaki. Juma'ar farko na yi wanka, na ɗaura ɗankwali, na rera waƙa da muryar nan tawa da kika sani. Na gama na waiwaya, babu wadda za ta ce, "Kai, Maman Alheri, Allah ya ba ki murya!" Sai firji ke ta gurnani. Na durƙusa yin addu'a. A Zariya idan aka ba ni addu'a mata sukan gyara zama, domin sun san sai gwiwa ta yi tsami. Ran nan kafin ruwan shayina ya tafasa na gama. Na nemi sauran addu'ar na rasa. Ashe mafi yawanta ba Allah nake yi wa ba, matan da ke sauraro nake yi wa.

A Jos za ki samu masu yabonki, domin kin iya waƙa, kin iya ladabi, kin gaji sunkuyar da kai. Kada ki auna kanki da bakinsu. Ki lura da abin da kike faɗa wa Allah lokacin da abokan ɗakinki suka fita. Ko kalma biyar ce, ita ce taki. Daga ita ake fara girma.

Za ki zaci daga nan na shiryu. Ina! Wata hanyar na samo.

A shekarata ta biyu na ciji ƙwallon dabino, haƙorina na gefe ya ɓalle. Akwai wata abokiyar aikina, Ummu Faisal, mai kula da kayan shimfiɗar marasa lafiya. Bahaushiya ce, amma haifaffiyar Tandabawi, wata tsohuwar unguwa a Makka. Kakanta ne ya zo hajji daga Kano bai koma ba. Hausarta rabi Larabci ce, kuma ba ta iya ɓoye magana ba. Tun ranar farko ta san ni Kirista ce, ta kuma riƙe ni kamar 'yar'uwa. Ita ta raka ni wurin likitan haƙori. Likita ya ce zai lulluɓe haƙorin, in zaɓa, ko fari ko zinariya.

Ummu Faisal ta ce, "Ya Hannatu, sa fari, halas, shi ke nan. Zinariyar nan ta alhazanku ce masu komawa gida. Ke da ko ƙofar Makka ba ki taɓa gani ba, me za ki yi da haƙorin Makka?"

Na ce, "An ce ya fi ƙarko."

Ta ce, "Wa ya ce?"

Babu wanda ya ce. Ni na ce.

Kin tuna hutun da na zo da shi. Kin tuna yadda na riƙa buɗe baki a waƙa har Uwar Zumunta ta tambaye ni ko maƙogwarona lafiya. Yara suna bina da "Hajiya Hannatu", ni kuma ina cewa su bari, da bakin da ke walƙiya. A kasuwa masu kaya suna miƙo mini kujera. A nan Jidda ma duk Bahaushen da ya gan ni cikin abaya da haƙorin nan sai ya rage murya ya ce, "Sannu Hajiya." Ban taɓa cewa ni Hajiya ce ba. Amma ban taɓa cewa ba ita ba ce. Na riƙa cin girman ibadar da ban yi ba, ta addinin da ba nawa ba, ina jin daɗi.

Watan da ya wuce asibiti ya tura ni Ɗa'ifa wani horo na mako guda. Na makara, motar asibiti ta tafi ta bar ni, sai na je tasha na nemi motar haya. Bari in bayyana miki hanyar. Daga Jidda zuwa Ɗa'ifa, gajeriyar hanya ta cikin Makka take bi, kuma wanda ba Musulmi ba ba ya shiga Makka. Kafin a kai shingen 'yan sanda akwai babban allo, da wata hanya da ta ratse dama ta zagaye garin, domin irinmu. Addinin kowa kuma yana rubuce a katinsa na zama, wanda ake kira iƙama. Direbobi sukan tambaya tun a tasha. Wannan direban, wani Bahaushen Makka mai furfura a gemu, bai tambaye ni ba. Na yi masa murmushi, haƙori ya amsa.

"Tafaddali ya Hajiya, shiga nan wajen taga, nan sanyi ya fi bugawa."

Na shiga na baje. Na ce a raina zan gaya masa idan mun fita gari.

Kusa da ni akwai wata tsohuwa 'yar unguwar Zahir ta Makka, za ta ga jikarta da ta haihu. Ta buɗe leda ta ba ni dabino. Ta ce, "Hajiya, hajji nawa kika yi?"

Alheri, kin san abin da mahaifiyarki ta ce? Na ce, "Ai sai godiya."

Ta ce, "Masha Allah. To idan mun tsaya salla a Harami ki sa gwiwata a addu'a, ta hana ni sakat."

Na ce, "Allah ya sawwaƙe." Na kuma ce wa zuciyata, kin ga, ko ƙarya ɗaya ban yi ba.

Muka fita gari ban faɗa ba. Muka yi nisa ban faɗa ba. Kowane lokaci na buɗe baki sai in tuna tagar da aka ba ni da dabinon da na cinye. Can sai na hango allon, ƙato, yana matsowa. Idan muka wuce shi aka duba katina, aikina ya tafi, makarantarki ta tafi, kuma wannan bawan Allah da bai san komai ba ya shiga uku tare da ni. Na ce ƙasa-ƙasa, "Direba." Bai ji ba, rediyo na yi. Na ce, "Malam direba, akwai 'yar magana." Ya ce, "Na'am Hajiya, in sha Allah yanzu za mu tsaya ki kama ruwa." Allon ya iso kanmu. Sai na ji wata murya ta fito daga cikina, ta fi wadda nake waƙa da ita.

"Direba, ni Kirista ce!"

Tun da aka yi mini baftisma ban taɓa ba da shaida da ƙarfi haka ba.

Ya taka birki, ya karkata dama, motocin baya suna ta zuba mana oda. Da ƙyar ya kama hanyar zagaye. Ya yi salati, ya share gumi, ya dube ni ta madubi.

"Ya Hajiya... a'a. To yanzu da me zan kira ki?"

Na ce, "Hannatu."

"To ya Hannatu, don Allah in tambaye ki. Tun daga Jidda bakinki a buɗe yake, muna ta ganin haƙori. Me ya hana maganar ta fito?"

Wani dattijo a gaba ya dubi agogonsa ya yi tsaki, domin na ja musu kusan awa guda, na kuma raba su da sallar da suka so yi a Harami. Na ba su haƙuri ɗaya bayan ɗaya, ina jin kamar in narke in shige kujera. Tsohuwar ta daɗe tana kallona. Sai kafaɗunta suka fara rawa.

Ta ce, "To dabinona fa?"

Na ce, "Na cinye, Inna."

Ta yi dariya har da hawaye. Ta ce, "Halas, na yafe. Gwiwar dai tana nan tana ciwo. Ki yi mata addu'ar a inda kuke yi."

Ina yi mata har yau.

Ki ji ni da kyau, 'yata. Akwai ƙaryar da ba a yin ta da harshe. Idan mutane sun ɗauke ki abin da ba ke ba, kika ga shirunki yana jawo miki kujera mai kyau, to shirun nan ƙarya ne. Ki gyara tun a tasha, lokacin da gyaran bai fi kalma uku ba. Idan kika bari sai gaban allo, da ihu za ki yi shi, kuma da mutanen da ba su ji ba ba su gani ba za ki wahalar.

Da na dawo na ba Ummu Faisal labari, sai da ta zauna a kan buhun zanen gado don dariya. Ta yi kwana uku tana kirana "Ai sai godiya". Ni ma na yi dariya. Amma tambayar direban nan ta ƙi barina. Kowace safiya ina goge baki a gaban madubi sai in ga haƙorin, sai in ji muryarsa, me ya hana maganar ta fito? A Juma'ar da ta biyo baya na durƙusa na ce, "Ya Ubangiji, yau ba zan leƙa bencin kowa ba. Nuna mini nawa." Na zaci zai nuna mini motar Ɗa'ifa. Sai ya nuna mini tulu.

Ga maganar da na yi ta kewaye-kewaye a kanta.

Kin san labarin yadda ake ba da shi a gidanmu. Ana saura kwana ɗaya babban taron zumunta na gunduma, Maman Godiya ta buga tulun da tsofaffin mata suka bar mana, mai zaƙin murya, ya dare biyu a cinyarta. Aka ce hannunta ya cika nauyi, aka laƙa mata Fasa-tulu, ta daina kiɗa. Daga baya ta daina gaishe ni da kyau, ni kuma na gaya muku hassada ce.

Ga yadda aka yi. Ran nan na riga kowa zuwa coci da tsintsiya, domin ina so a zo a tarar da ni ina shara. Na ga tulun a kan gammonsa babu kowa. Na daɗe ina ganin ni ya kamata a ba kiɗan nan. Na ɗauka na fara bugawa, daɗi ya kwashe ni, na miƙe ina juyi da shi, na taka tsintsiyata, na tafi luu, gindin tulun ya daki benci. Ya tsage, wani ɗan gutsure ya fita. Na mayar da shi kan gammo, na juya tsagin ya dubi bango, na ci gaba da shara ina rera waƙa. Mata suka zo, aka zauna. Maman Godiya ta ɗora shi a cinya, bugu ɗaya ya rabu.

Da na yi shiru ma da sauƙi. Ana ta hayaniya sai na miƙe na ɗaga hannu na ce, "'Yan'uwa, mu tuna dukanmu masu kuskure ne. Ni dai na yafe mata." Na kuma jagoranci addu'a a kanta, doguwa, ina roƙon Allah ya ba ta hannu mai taushi. Mata suka ce ba su taɓa ganin mai zuciya irin tawa ba. A shekarar aka zaɓe ni mataimakiyar Uwar Zumunta.

Shekara goma sha ɗaya ina karɓar gurasa da wannan a cikina. Na bar ki kika girma kina harara yarinyar da uwarta ba ta yi mana komai ba. Na zalunci matar nan, na zalunci Godiya, ke ma na zalunce ki. Ki yafe mini, Alheri.

Shekaranjiya na kira ta. Na ce, "Maman Godiya, Hannatu ce."

Ta ce, "A'a, Hajiya da kanta? Lafiya?"

Na ce, "Ni na fasa tulun."

Sai ta ce, "Na sani."

Na ce, "Kin sani?"

"Bayan an tashi na je mayar da tsintsiyarki, na ga gutsuren a maƙale cikinta. Yana nan a akwatina."

"To me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Ta ina zan fara? Kin riga kin yafe mini a gaban jama'a."

Na fara kuka, ita ma ta fara. Cikin kukan ta ce tunda ana tone-tone, ita ma tana da nata. Wai tun ranar da na zo da haƙorin nan take roƙon Allah ya sa ya fita ina tsakiyar waƙa ya faɗa kwanon baiko. Ta ce ta san addu'ar ba ta da kyau, amma ita kaɗai ce ba ta taɓa mantawa da yi ba. Muka koma dariya kamar yara.

Ta yafe mini, amma da sharaɗi. Idan na zo hutun Kirsimeti zan sayo sabon tulu, in miƙe a gaban zumunta in faɗi abin da na faɗa miki. Sannan ita ma za ta miƙe ta ɗaga hannu ta yafe mini, ta kuma jagoranci addu'a a kaina. Ta ce in zo da abin da zan shimfiɗa wa gwiwata, domin shekara goma sha ɗaya take shirya addu'ar. Na yarda. Ina tsoron ranar nan fiye da yadda na ji tsoron allon Makka, amma tun da na ajiye wayar nake jin kamar an sauke mini buhu daga ka.

Na yi tunanin cire haƙorin, sai na fasa. Ya zame mini fasto na cikin baki. Kowace safiya yana tambayata wane girma nake ci da ba nawa ba, wace magana ce ta ƙi fitowa. Ke ma ki nemi abin da zai riƙa tambayarki kullum, ba sai ranar Jibi ba. Da na zaci tsarki shi ne a rasa abin da za a faɗa a kaina. Yanzu ina ganin mutum yana girma ne idan lokacin da ke tsakanin laifinsa da faɗinsa yana raguwa. Na tulu ya ɗauke ni shekara goma sha ɗaya. Na mota ya ɗauke ni awa ɗaya. Ki taya ni addu'a in kai ga minti biyar kafin in mutu. Kuma ba ƙoƙarina ne ya kawo ni nan ba, da an bar ni da dabarata da har yanzu ina benci na huɗu ina binciken ɗankwalin mutane. Alherin Almasihu ne, wanda na sa miki sunansa tun ban san ma'anarsa ba.

Yanzu ga roƙona. Idan kina jin haushina, ki ji, kina da gaskiya, ba sai kin kira ni yau ba. Amma kafin ranar tafiya ki ɗaura ɗankwalinki ki je gidansu. Ki durƙusa ki gai da Maman Godiya da sunanta na gaskiya. Ki nemi Godiya ki ce mata duk hararar da kika yi mata ta uwarki ce, kin ɗauko ne ba ki duba ba. Sannan ku shiga mota ɗaya. Ki bar mata wajen taga.

Allah ya tsare fitarki da shigarki. Ya kiyaye ki daga haɗarin hanya, da mugun abokin zama, da yabon da ya fi ki girma. Ya ba ki hannu mai taushi a kan marasa lafiya, wannan karon da zuciya ɗaya nake roƙo. Ruhu Mai Tsarki ya riƙa nuna miki naki tun yana ƙarami. Ki gai da ƙannenki. Ki miƙa wa babanki takardar nan idan kin gama, amma ki tabbata yana zaune, domin shi ya fi kowa kiran matar nan Fasa-tulu.

Ni ce mahaifiyarki mai ƙaunarki,
Hannatu, wadda ta fasa tulu.